Hugh O'Neill na ƙasar Ayilan: mutum ɗaya, sarauta uku, me ya kawo haka?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya yana cewa: "Malam ina karanta tarihin Ayilan sai in ga wani wuri an ce Baron na Dungannon, wani wuri Earl na Tyrone, wani wurin kuma O'Neill kawai sai kace sunan uba. Mutum ɗaya ne ko su uku ne? Kuma in Ingila ce ta ba shi sarauta, me ya haɗa shi yaƙi da ita?"

To ɗan'uwa mutum ɗaya ne, sunansa Hugh O'Neill, an haife shi wajen 1550 a arewacin Ayilan, yankin da ake kira Ulster, ya mutu a birnin Rum a watan Yuli 1616. Sunayen nan uku duk nasa ne, sai dai biyu daga hannun Ingila suka fito, ɗaya kuma na gidansu ne tun kaka da kakanni. In kana so ka fahimci mutumin sai ka fara gane cewa Earl da O'Neill ba suna biyu ba ne na kujera ɗaya, doka biyu ce masu karo da juna a kan waye mai ƙasa da kuma waye zai gaje ta. Rayuwarsa kaf a tsakanin dokokin nan biyu ta ƙare.

A tsarin Ingila matakan sarauta biyar ne, Duke a sama, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, Baron ne na ƙasa. Sarki ne ke bayarwa da takarda mai hatimi, ƙasar da ke tare da sarautar kuma a doka ta sarki ce, ya damƙa maka ne, in ka mutu babban ɗanka na aure ya gada ko da jariri ne ko dolo ne, in kuma aka kama ka da cin amanar sarki a ƙwace duka, har 'ya'yanka su tashi a tutar babu. Tsarin mutanen Ayilan na asali kuwa daban yake kwata-kwata. Shugaban dangi ba a ƙara masa wani laƙabi, sunan dangin ne ake kiransa da shi tsurarsa, wato a cikin dubban masu amsa sunan O'Neill mutum ɗaya tak ne ake ce wa "O'Neill" a yi shiru, kowa ya san wa ake nufi. Ba dole sai ɗan fari ba, duk namijin da kakan babansa ya taɓa riƙe sarautar yana da haƙƙin nema, manyan ƙasa su zaɓa, a zahiri dai wanda ya fi mayaƙa da shanu shi ke ci. Ƙasa kuma ba ta shugaba ba ce shi kaɗai, ta dangi ce, shi haraji da hidima yake karɓa daga ƙananan shugabanni. Naɗin O'Neill a kan wani tudu ake yi mai suna Tullyhogue, kusa da garin Cookstown na yanzu, a kan kujerar dutse, gidan O'Hagan ne masu kula da wurin, shugaban gidan O'Cahan kuma shi ke jefa takalmi ta saman kan sabon shugaba. Ka riƙe sunan O'Cahan ɗin nan, za mu dawo kansa.

Rigimar tun kafin a haifi Hugh aka ƙulla ta. A 1541 Sarki Henry na 8 ya sa majalisar Dublin ta ayyana shi Sarkin Ayilan, sai wakilinsa Anthony St Leger ya fito da dabara mai araha wadda ba sai an yi yaƙi ba: kowane shugaban dangi ya miƙa ƙasarsa ga sarki, ya ajiye sunan gargajiya, a mayar masa da ƙasar nan take da takarda da sabuwar sarauta irin ta Ingila. Kakan Hugh, Conn O'Neill, ya je har Greenwich a 1542 ya yi mubaya'a. Shi Earl na Ulster ya so, aka hana shi don wannan sarautar ta gidan sarki ce, aka ba shi Earl na Tyrone. A cikin takardar aka rubuta ɗansa Matthew, mahaifin Hugh, a matsayin magaji, aka kuma ba Matthew ɗin sarautar Baron na Dungannon, wato laƙabin mai jiran gado. Kaga asalin biyu daga cikin sunayen da ka tambaya kenan. Mai karatu Bahaushe zai tuna yadda Turawa bayan 1903 suka riƙa ba sarakunanmu sanda da takardar naɗi, akwai kama, amma su Lugard kujerar sarki da masu zaɓen sarki suka bari suka hau kai, a Ayilan kuwa manufar ita ce a kashe tsohuwar kujerar gaba ɗaya a maye ta da sabuwa.

Matsalar Matthew ita ce, har ya zama saurayi a garin Dundalk ana ganinsa ɗan wani maƙeri ne mai suna Kelly, daga baya uwarsa ta ce na Conn ne, Conn kuma ya karɓa. A al'adarsu wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, in uba ya amsa shikenan. Amma ɗan Conn na aure, Shane O'Neill, ya ce sam. Ya ma faɗa wa Sarauniya Elizabeth cewa babansa mutumin kirki ne da bai taɓa ƙin yaron da wata mace ta ce nasa ne ba, kaji shaguɓe. Hujjarsa ta biyu ita ta fi ƙarfi a wurina: ya ce Conn ba shi da ikon miƙa ƙasar tun farko, don riƙo aka ba shi na tsawon ransa, ba gonarsa ba ce. Mutanen Shane suka kashe Matthew a 1558, Conn ya mutu 1559, Shane ya zama O'Neill. A 1562 aka kashe Brian, yayan Hugh, wani ɗan'uwansu Turlough Luineach ne ya kashe shi. Da haka yaro ɗan shekara goma sha biyu ko kusa ya wayi gari shi ne Baron na Dungannon, ga suna a takarda amma ko taƙi ɗaya ba ya iko da shi.

Gwamnati ta ɗauke shi ta kai shi riƙo gidan wasu Turawan Ingila masu suna Hovenden a yankin da ke kewaye da Dublin. Tsofaffin littattafai za ka ga suna cewa a Ingila ya girma, masana na baya-bayan nan sun fi karkata ga cewa a Ayilan ɗin ne. Ko ma dai yaya, ya tashi yana jin harshe biyu, ya san yadda ake rubuta wa fadar Landan wasiƙa mai daɗin baki, ya san kuma yadda ake satar shanun abokin gaba da dare. An kashe Shane a 1567, Turlough ya hau kujerar dutse, a 1569 majalisa ta yi doka ta haramta sunan O'Neill ɗin ɗungurungum, wanda ya amsa shi ya ci amanar sarauniya. Dokar ta zauna a takarda, Turlough ya ci gaba da amsa abinsa sama da shekara ashirin, ita gwamnati sai ta mayar da Hugh arewa a 1568 don ya zame masa ƙarfen ƙafa.

Kuma ya yi musu aiki fa, kar ka ɗauka tun yana yaro ɗan kishin ƙasa ne. Ya taya su yaƙi a Ulster, ya je kudu ya taya su murƙushe tawayen Earl na Desmond wajen 1580, a 1585 ya zauna a majalisar Dublin da sunan Earl na Tyrone, a 1587 sarauniya ta ba shi takardar a hukumance. Nan za ka ga wasu na ce masa Earl na biyu wasu na uku, bambancin shi ne ko an lissafa yayansa Brian da ya cancanta amma bai taɓa riƙewa ba. Mafi yawa na biyu suke cewa. Hannunsa ba tsarkakakke ba ne, a 1590 ya sa aka rataye Hugh Gavelagh, ɗan Shane, don 'ya'yan Shane su ne manyan masu ja da shi. Aure ma siyasa ya mai da shi, mata huɗu ya yi a jere, ta biyu 'yar gidan O'Donnell ce, tsofaffin abokan gabar gidansu, ya kuma haɗa 'yarsa da Red Hugh O'Donnell, saurayin da ya tsere daga kurkukun fadar Dublin a farkon 1592. Ta uku ce ta jawo surutu, Mabel Bagenal, ƙanwar Henry Bagenal shugaban sojan gwamnati a Ayilan, ya gudu da ita a 1591 aka ɗaura aure ba da yardar yayanta ba, Bagenal ya hana fam 1,000 da ya kamata gidansu su bayar na aurenta, gaba ta ƙullu tsakanin suruki da suruki. Mabel ba ta daɗe ba, ta mutu 1595.

Yanzu ga ainihin tambayarka, mutum yana Earl, me zai kai shi neman sunan da doka ta haramta? Amsar ita ce takardar Earl ba ta tara mayaƙa a Tyrone. Mutanen ƙasar wanda aka jefa wa takalmi a Tullyhogue suka sani, shi ke da ikon kiran yaƙi da ɗora wa talakawa ciyar da sojan haya. In ya bar kujerar, ɗaya daga 'ya'yan Shane zai hau, kuma ya san abin da ya sami babansa da yayansa. A ɗaya gefen kuma sunan O'Neill shi kaɗai ba ya kare mutum a kotun Dublin, takardar ce ke kare shi. Shi ya sa yake son duka biyun, ko da Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya ƙara tsorata shi shi ne ya ga yadda aka yi da maƙwabcinsa MacMahon na Monaghan, a 1590 aka rataye shi aka yanyanka ƙasarsa aka raba, ga kuma gwamnati na tura dogaranta da alƙalanta Fermanagh. Kowa ya san Tyrone ce za ta biyo baya. Duk da haka sai da ya raba ƙafa na tsawon lokaci, a Oktoba 1593 yana cikin rundunar gwamnati a Belleek har aka ji masa rauni, alhali 'yan'uwansa na can suna taimakon Maguire, shugaban Fermanagh da ake yaƙa. An ba shi izinin riƙe soja 600 don aikin sarauniya, sai ya riƙa sauya mutanen, waɗannan su koyi harbi su koma gida wasu su shigo. Ya nemi izinin shigo da dalma wai zai rufe gidansa na Dungannon, dalmar ta koma harsashi. A 1595 ya fito fili, ya fatattaki Bagenal a Clontibret a watan Mayu, a Yuni aka yi shelar cewa maci amana ne, a Satumba Turlough ya mutu, ya je Tullyhogue aka naɗa shi.

Yaƙin da ake kira na shekara tara, daga 1594 zuwa 1603, ba zan bi shi daki-daki ba. Ranar 14 ga Agusta 1598 a wani mashigi kusa da Armagh da ake kira Yellow Ford ya tarwatsa rundunar mutum kusan 4,000, shi kansa Bagenal harsashi ya same shi a kai ya mutu a wurin, Ingila ba ta taɓa shan kashi irin wannan a Ayilan ba. A 1599 sarauniya ta turo ɗan gaban goshinta Earl na Essex da soja sama da 16,000, ya ɓata lokaci a kudu, a ƙarshe ya haɗu da O'Neill su biyu a bakin rafi, O'Neill a kan doki cikin ruwa, suka yi magana ba shaida suka tsagaita wuta. Wannan ganawar tana cikin abin da ya ja wa Essex faɗuwa, an sare kansa a 1601. A ƙarshen 1599 O'Neill ya fitar da buƙatu 22, ciki har da 'yancin ɗariƙar Katolika da cewa 'yan ƙasa su riƙe manyan muƙamai, sakataren sarauniya Robert Cecil ya karanta ya rubuta a jiki cewa mafarki ne. Ni a ganina addinin nan rabi imani ne rabi neman kuɗi da sojan Sifen, kuma jikokin tsofaffin baƙin Ingila da suka daɗe a biranen Ayilan, duk da su ma Katolika ne, haka suka fahimce shi, shi ya sa ba su bi shi ba.

Wanda ya karya shi Lord Mountjoy ne, wakilin sarauniya da ya gaji Essex, ba da gaba da gaba ba, da ƙona hatsi da kashe shanu da kafa sansani ko'ina, ga wani kwamandan Ingila Henry Docwra ya sauka a Derry ta bayansa a 1600. Sojan Sifen kusan 3,500 sun zo a 1601 amma suka sauka a Kinsale, can ƙuryar kudu, dole O'Neill da O'Donnell suka ratsa ƙasar gaba ɗaya cikin tsananin sanyi, ranar jajiberin Kirsimeti aka gwabza, cikin 'yan sa'o'i komai ya watse. A 1602 Mountjoy ya je Tullyhogue ya farfasa kujerar dutsen, wanda ke nuna maka shi ma ya san inda ƙarfin yake. Yunwa ta kashe mutane ba adadi a Ulster. Ita ma Ingila yaƙin ya ci mata kusan fam miliyan 2, ta gaji.

Ranar 30 ga Maris 1603 a Mellifont O'Neill ya durƙusa gaban Mountjoy ya yi saranda ga Sarauniya Elizabeth, bai san ta mutu kwana shida da suka wuce ba, Mountjoy ya sani ya ɓoye, da aka gaya masa a Dublin sai da ya yi kuka. Sharuɗɗan kuwa masu sauƙi ne ƙwarai: ya rabu da sunan O'Neill har abada, ya yanke hulɗa da Sifen, a bar masa Earl da kusan duk ƙasarsa. Sabon sarki James ya karɓe shi a fada, sojojin da suka yi shekaru suna farautarsa cikin taɓo suka cika suka batse. A takarda ma kusan riba ya ci, don ƙasar da a da ta dangi ce yanzu yana cewa tasa ce shi kaɗai tun da sunansa ke cikin takardar.

Nan ne lauyoyi suka karɓi aikin daga hannun soja. Arthur Chichester ya zama wakilin sarki a 1605, John Davies babban lauyan gwamnati, suka fara tambayar iya ina takardar Earl ta tsaya. Donal O'Cahan, shugaban gidan masu jefa takalmi kuma surukin O'Neill, aka zuga shi ya kai ƙara cewa shi ba talakan Earl ba ne, ƙasarsa kai tsaye daga sarki ya kamata ta fito. A tsohon tsari O'Cahan mabiyi ne ba gardama, amma tsohon tsarin ai O'Neill da bakinsa ya yafe shi a Mellifont. Sarki ya kira su Landan a 1607 a yanke hukunci, labari ya zo wa O'Neill cewa in ya je ba zai dawo ba. A watan Satumba 1607 shi da Rory O'Donnell, ƙanin Red Hugh kuma Earl na Tyrconnell, da iyalai da mabiya kusan mutum 99 suka shiga jirgin ruwa a Rathmullan. Sifen suka nufa, iska ta kai su Faransa, suka bi ta Leuven a Beljiyam ta yanzu, suka isa Rum ƙarshen Afrilu 1608. Sarkin Sifen ya riga ya yi sulhu da Ingila tun 1604, ba ya son fitina, sai ya yanka masa kuɗin cefane ya bar shi a can wajen Fafaroma Paul na 5.

Masana har yau suna gardama ko gudu ya yi ko zuwa neman soja ya dawo, wasiƙunsa daga Rum dai har kusan mutuwarsa roƙon jiragen yaƙi yake. Amma ta fuskar doka tafiyar kyauta ce ya ba su Chichester. Earl da ya bar ƙasa ba izinin sarki ya ci amana, ƙasarsa ta koma hannun sarki, kuma tun da an yarda duk ƙasar ta Earl ce to duk aka ƙwace, har ta ƙananan gidajen da ba su je ko'ina ba. Ka tuna hujjar Shane, a dokar gargajiya laifin shugaba ba zai cinye ƙasar dangi ba. Gundumomi shida aka kwashe, Armagh, Cavan, Coleraine, Donegal, Fermanagh da Tyrone, daga 1609 aka fara raba su ga baƙi 'yan Furotesta daga Ingila da Sikotilan, kamfanonin birnin Landan suka sami Derry aka ƙara mata suna ta zama Londonderry a 1613. Rikicin Arewacin Ayilan da kake ji a labarai saiwarsa tana nan. Majalisar Dublin ta tabbatar da soke sarautar a 1614. Shi kuwa O'Cahan da aka yi amfani da shi, an kama shi a 1608, a kurkukun Hasumiyar Landan ya mutu.

'Ya'yansa ma ba su ji da daɗi ba. Magajinsa, Hugh, mai riƙe da laƙabin Baron na Dungannon, zazzaɓi ya kashe shi a Rum a 1609, Henry ya mutu a Sifen 1610, ƙaramin Conn da aka bari a baya gwamnati ta kai shi makarantar Eton daga nan Hasumiyar Landan, bai fito ba. John ne ya yi tsawon rai, Sifen ta ci gaba da kiransa mai sarautar Tyrone duk da Ingila ta soke, ya mutu a fagen yaƙi a Barcelona a 1641. An binne uban a cocin San Pietro in Montorio da ke Rum, rubutun kabarin da harshen Latin yarima O'Neill ya kira shi, babu Earl a ciki.

In ka ci karo da Earl na Tyrone a littafin da ke maganar bayan wannan zamani, kar ka ɗauka jikansa ne. Sarautar takarda ana iya sake ƙirƙirarta a ba wani, an ba Richard Power a 1673, ta mutu, aka sake ba Marcus Beresford a 1746, zuriyarsa suka zama Marquess na Waterford a 1789, har yanzu babban ɗan gidan da laƙabin Earl na Tyrone ake kiransa. Akwai kuma Baron O'Neill da aka ƙirƙira a 1868, wanda aka ba ɗan gidan Chichester ne ta wajen uba, ya gaji ƙasar wani reshen O'Neill ta wajen mace ya sauya suna a 1855, daga gidan nan Terence O'Neill firaministan Arewacin Ayilan na 1963 zuwa 1969 ya fito. Jamhuriyar Ayilan kuwa tsarin mulkinta na 1937 ya hana gwamnati ba kowa irin wannan sarauta, ofishin da ke amincewa da shugabannin dangi don girmamawa shi ma ya daina a 2003 bayan an gano wani ya sami amincewar da asalin ƙarya.